Kurkunun da Na Tsinka a Nima

Assalamu alaikum, masu karatu. Duk wadda ke cin abinci ta ajiye cokali tukuna, don abin da zan faɗa yau ba ya tafiya da tuwo. Na daɗe ina kewaye wannan wajen a labarina, amma tunda na yi alkawarin ba zan yi wa kaina kwalliya ba, gara in faɗe shi yadda ya faru.

Sunana Ƙaltume, haifaffiyar Tudun Wadan Zariya. A shekarar 1964, ina da shekara goma sha tara, ƙungiyar matan unguwarmu ta nemi 'yan mata masu ɗan ilimin boko da za su je Gana aikin sa kai na wata shida, su taimaka wa 'yan'uwa Musulmi a zangon Ankara, wato Akara, babban birninsu. Ni na fara ɗaga hannu. Babana limamin layinmu ne, har da ƙwallarsa, yana ta gode wa Allah da ya ba shi 'ya mai tausayi. Ni kuwa a raina teku nake son gani, da farar riga irin ta nas-nas, da hoton da zan aiko wa ƙawayena su ƙone. Da wannan niyyar na ƙetare Dahome da Togo.

Abin da ya sa ma Baba ya yarda, ƙanwarsa Gwaggo Salamatu tana can, tana auren wani dillalin goro a unguwar Kokomlemle. Gida ne na siminti mai baranda, labule ruwan ganye, kujerun kushin da aka yafa wa saƙa, ga rediyo a kan kabad wanda ba mai taɓa shi sai maigida. Nan na sauka, na kuma ji daidai da ni. Don ku sani, ni tun ina ƙarama mai ƙyama ce. Kofina daban, cokalina daban, in ƙuda ya sauka a tuwo na haƙura da shi ke nan. A gida har “Hajiya Tsaf” yayyena ke kirana.

To, rumfar da aka tura ni tana cikin Nima, bayan kasuwa, dab da babbar kwatar da ta ratsa unguwar. Ba asibiti ba ne. Rumfar kwano ce da benci uku, tebur ɗaya, tukunyar tafasa ruwa, da tsummokaran ɗaure ciwo da ake wankewa a shanya a sake amfani da su. Kwatar nan kuwa, jama'a, ban san da wane baki zan kwatanta muku ita ba. Ruwan wanke-wanke, hanjin kifi, ganyen da ake naɗe dokunu, tuwon masararsu, mushen kaza, da abin da ba a faɗa, duk a ciki suke kwana su tashi. Idan rana ta take sai warin ya taso ya zauna maka a maƙogwaro. Mata kuma na soya kifi a bakinta suna hira, ko a jikinsu.

Mai rumfar ita ce Mma Barikisu, doguwar Badagomba da ta yi shekara ashirin tana jinya a asibiti kafin ta ajiye aiki ta buɗe wannan wajen don Allah. Ranar farko ta dube ni daga farin takalmina har zuwa hankicin da na danne hanci da shi.

“Kai ne ɗan Najeriya?”

Su mutanen zango ba ruwansu da ke da kai, kowa kai ne. Na ce ni ce.

“Yoo. Wannan hankici ka sa shi aljihu. Nan ba mu rufe hanci gaban mai ciwo.”

Na sa shi a aljihu, amma a raina na ce Allah ya isa tsakanina da wadda ta kawo maganar tafiyar nan.

Yawancin aikinmu kurkunu ne. 'Yan arewacin Gana ke zuwa da shi. Sun sha ruwan tafki a garuruwansu, tsutsar ta kwanta a jikinsu shekara guda, sai sun zo Ankara neman abinci ta fasa fata ta leƙo, fara sol kamar zaren ɗinki, tana motsi. Ranar da na fara gani sai da na zaga bayan rumfa na amayar da kokon da na sha. Da na dawo Mma Barikisu ba ta ce min sannu ba, ta dai miƙo min tsinken ashana.

“Ka ji da kyau, sau ɗaya nake faɗa. Ka jiƙa ƙafa a ruwa. In ya leƙo ka kama kansa ka naɗe a tsinke. Kullum ka murza kaɗan, abin da ya ba ka shi za ka karɓa. In ya tsaya, ka tsaya. Ko wata ɗaya zai yi, ba ruwanka. In ka ja ya tsinke, sauran ya koma ciki ya ruɓe, ƙafa ya lalace.”

“To in ya tsinke fa, Mma?”

“Ka faɗa mini nan take. Ko salla nake, ka jira sallama ka faɗa. Ranar farko ina da abin yi. In ya kwana uku, sai Allah.”

Cikin waɗanda aka ba ni akwai Zuera. Sa'ata ce, ko ta girme ni da shekara ɗaya. 'Yar dako ce, kayayo suke ce musu, tana ɗaukar wa matan kasuwa kaya a ka daga tasha zuwa rumfunansu. Ba ta da kowa a Ankara, a barandar wani gida take kwana da wasu mata shida. Ƙafarta ita ce abincinta, kuma a idon sawun hagu kurkunun ya fito mata. Kullum za ta zo da ɗingishi, ta ajiye gammo a benci, ta yi min murmushi da wushiryarta ta ce, “Sista, ina gajiya?” Wata rana har shinkafa da wake ta kawo min a ganye, da zafinta. Na karɓa da yatsa biyu na yi godiya, tana ɓacewa na ba karen mahauta. Ina murza mata tsinke kullum, amma kaina a juye, ina kallon kwanon rumfa ina riƙe numfashi.

Sai kuma maganar Abdulganiyu. Ɗan aminin mijin Gwaggo ne, asalinsu Ilori amma a Kumasi aka haife shi, akawu ne a wani kamfanin atamfa. Masu karatu, ba zan yi muku ƙarya ba, mutumin ya haɗu. Farar shat mai guga kamar za ta yanke ka, agogo, baƙin takalmi da kake ganin fuskarka a ciki, ga babur da yake gogewa da hankici kafin ya hau. Gwaggo tun ranar da ya fara sallama ta gama ɗaura mana aure a ranta. In ya kawo wasiƙa ita yake ba, ba ta iya karatun boko ba amma sai ta shinshina takardar ta ce, “Wannan turaren kaɗai ya isa shaida, ɗan gidan mutunci ne.” Kullum maganarta ɗaya, in bar rumfar kuturta in kama dahir, ba a samun irinsa sau biyu.

Ranar wata Asabar ga abin da ya rubuto:

“Zuwa ga hasken idona Ƙaltume. Bayan gaisuwa mai tarin yawa. Litinin ƙarfe huɗu zan zo mu je ɗaukar hoto, Mama tana son ganin fuskarki kafin ta turo manya da goro ranar Juma'a. Ki sa leshin nan ruwan hoda. Don Allah ki yi wanka sau biyu, rannan na ji warin Nima a gyalenki. Naki har abada, A. G.”

Wata da ta ji haushi. Ni wallahi daɗi na ji, na ce yau ga wanda hancinmu ya zo ɗaya.

Litinin ɗin rumfa ta cika maƙil. Na yi ta sauri ina sallamar mutane, ina duba agogon hannuna, Zuera ba ta zo ba sai uku da rabi. Wai wata mai doya ce ta riƙe ta. Ta zo duk gumi, ƙafar ta sha ƙura da ruwan kwata, tsumman da na ɗaura mata jiya ya koma baƙi. Da na kwance, wari ya buge ni, ƙudaje suka taso kamar an kira su. Kwana goma sha takwas ke nan muna murzawa, abin da ke naɗe a tsinke ya kusa kamu ɗaya, ya bushe ya yi rawaya, sabon da ke fitowa kuma fari ne yana sheƙi da ruwan ciwo.

Mma Barikisu ta tayar da sallar la'asar a kusurwar rumfa.

Na juyar da kai yadda na saba, na murza sau ɗaya. Ya biyo. Na ƙara, sai na ji ya tsaya. A nan ya kamata in tsaya, na sani sarai. Amma sai zuciyata ta ce min, ke Ƙaltume, saura kaɗan ne fa, ki fizge shi ki huta da ƙafar nan gaba ɗaya, ki je ki yi wankanki. Na ja.

Ban ji ƙara ba, a yatsuna na ji shi. Tsinken ya yi sakayau. Zuera ta zabura ta riƙe benci ta ce, “Wayyo, Sista!” Da na duba, bakin ciwon ba komai, sauran ya shige ciki.

Na waiga, Mma tana raka'a ta biyu. Abin da ya rage mata bai fi minti uku ba. Na kalli agogo, huɗu saura kwata, ga trotro, motar hayarsu, zan hau zuwa Kokomlemle, ga wanka biyu, ga ɗaurin ɗankwali. Na kuma san in na faɗa, yau ba hoto, sai tafasa wuƙa da riƙe ƙafa har magariba, ga kunyar da zan sha gaban mutane. Sai na mayar da tsinken kan ciwon kamar yadda yake kullum, na naɗe da sabon tsumma na ƙulle tamau.

“Ya yi kyau,” na ce mata. “Gobe ki dawo.”

Na yi wankana biyu da sabulu mai ƙamshi. Na sa leshi ruwan hoda, sarƙar Gwaggo, takalmi mai tsini, na ɗaura ɗankwali ya tashi sama. A ɗakin hoton da ke kusa da shataletalen da suke kira Sakul, aka tsayar da mu gaban labule mai zanen jirgin sama, mai hoto yana cewa in yi murmushi. Na yi, har haƙora.

Talata Zuera ta zo tana dafa bango. Na yi maza na ja ta can ƙarshen benci kafin Mma ta gani. Idon sawun ya kumbura, ya yi zafi rau. Ta ce, “Sista, jiya ban yi barci ba kwata-kwata, kamar wuta.” Na ce haka yake yi in ya kusa fita. Na sake ɗaurewa da tsinken a ciki. Na gaya wa kaina wai jikinta mai ƙarfi ne, zai narkar da shi.

Laraba a kan kurar ɗaukar kaya aka turo ta, mata biyu na riƙe da ita. Ƙafar ta zama kamar turmi. Wannan karon Mma ce da kanta ta kwance, tsinken ya faɗo ƙasa da busasshiyar tsutsarsa.

“Zuera! Wa ya ja wannan?”

“Wallahi Mma ban taɓa ba.”

“Ƙarya! Ku haka kuke, ciwo ya dame ku da dare sai ku sa hannu. Sau nawa na faɗa?”

“Na rantse da Alƙur'ani, tun Litinin yake mini zafi.”

Sai Mma ta juyo gare ni. “Ƙaltume, jiya kai ka buɗe. Yaya ka gani?”

Masu karatu, ga ƙofa an buɗe min har ƙasa. Na buɗe baki na ce, “Lafiya lau yake jiya, Mma.”

Mma ta sauke numfashi. “To alhamdu lillahi, daren jiya ne ya tsinke, da sauran lokaci. Ba sai an yanka ba. Mu gasa da ruwan zafi mu ga kwana biyu.” Ta sa aka kwantar da Zuera a ɗakinta da ke bayan rumfa, tana ta yi mata faɗa, matan benci na taya ta, wata har da cewa 'yan dako ba su da gaskiya ko ta sisi. Zuera dai ta kalle ni sau ɗaya, ni kuma na duƙa ina tattara tsummokara.

Kun gane abin da na yi? Tsinkewar kuskure ne. Amma yanzu Mma tana lissafin kwana ɗaya a ciwon da ya kwana biyu yana shiga na uku, za ta kuma jira wasu biyun a kan maganata.

Da yamma Abdulganiyu ya zo da hoton a ambulan. Muna zaune a baranda, Gwaggo ta kawo masa lemo da soyayyen nama ta koma bakin ƙofa tana tsintar shinkafa, kunnenta a wajenmu. Na kasa kallon hoton. Ya ce me ya faru, sai kawai na fashe da kuka na gaya masa komai, daga fizgar har ƙaryar.

Ya saurara yana taunar nama. Da na gama sai ya yi dariya, har da buga cinya.

“Haba Ƙaltume, na ɗauka wani abu ne. Kayayo? Waɗannan ƙafarsu kamar ta jaki ce, da kanta take warkewa.”

“Ta kumbura har ƙauri fa. Mma ta ce in ya kwana uku sai Allah.”

“To ai ga shi, sai Allah. Ke ce Allah?” Ya ɗauki tsinke ya fara sakace. “Ji nan. In kika buɗe baki, tsohuwar nan za ta rubuta wa ƙungiyarku, ƙungiya ta gaya wa Malam a Zariya, kafin Juma'a magana ta kai Kumasi. Ba za a ce matar da zan aura ta gurgunta mutum ba. An riga an ce ita ta ja, ki bar shi a haka. Dama daga gobe kin gama da wajen nan.”

Gwaggo ta ajiye faranti ta matso. “Gaskiya ya faɗa miki. Ke da kika zo taimako, kyauta, ba ko kwabo? Wa ya san ma ko ita ɗin ta taɓa da dare? Gobe ba inda za ki, na kira mai lalle da hantsi. Kada ki ja wa yayana abin kunya a ƙasar mutane.”

Na ɗaga kai na dube shi. Yana nan tsaf, farcensa a yanke, ya ciro wani zaren nama daga haƙori ya duba shi ya yarfar a simintin Gwaggo. Turaren nan nasa da nake shinshina a wasiƙa ya taso min, sai na ji ƙyamarsa irin wadda na ji ranar da na fara ganin kurkunu. Abin da ya fi ɗaga min hankali, duk abin da ya faɗa ba sabo ba ne a kunnena. Shi na yi ta gaya wa kaina tun Litinin, yau dai na ji shi a bakin wani.

Da asuba na fito alwala. Na wanke hannu, fuska, na zo ƙafa. Na wanke ta dama, na kama ta hagu, yatsuna suka sauka a idon sawu, lafiyayye, santsi, ko ƙurji babu. Na daɗe a tsugune da buta a hannu. Da na tayar da salla, Fatihar da na haddace tun ina shekara huɗu sai da na maimaita ta sau uku. Ni 'yar liman ce, na iya addu'o'i masu tsawo da Larabci, amma ranar da na yi sallama da Hausa na yi magana. Na ce, ya Allah, ka san abin da ya kawo ni ƙasar nan, ba kai ba ne. Mutane na sa min albarka ina karɓa. Na ji ƙyamar baiwarka, na cuce ta, na kuma bari an ce mata maƙaryaciya bayan ta rantse da littafinka. Ban san ko za ka karɓe ni ba, amma ka bar mata ƙafarta. Tunda nake, ranar ce na fara yi wa Ubangiji magana ba tare da na yi ado ba.

Gwaggo na banɗaki na ɗauki gyale na fice. Ko farar rigar ban sa ba, da zanen gida na hau trotro.

Na tarar Mma Barikisu na hura wuta, mutane sun fara cika benci. Ban ja ta gefe ba, don na san in na nemi gefe zan sake neman wata hanyar. A tsaye gaban kowa na ce, “Mma, ni na tsinka kurkunun Zuera. Ranar Litinin, kina sallar la'asar. Na ɓoye, jiya kuma na yi miki ƙarya.”

Na zaci za ta mare ni, da ma ta mara. Ta dai ajiye mafici ta fara lanƙwasa yatsu. “Litinin. Talata. Laraba. Alhamis.” Ta jefa ƙaramar wuƙarta cikin tukunya, ta ce wa wani mai ciwon hannu ya ruga tasha ya kira Awudu mai tasi, sannan ta wuce ɗakin baya. Na bi ta.

Warin ɗakin ya fi na kwata. Zuera na kwance a tabarma, leɓenta ya bushe, jikinta na rawa. Ƙafar ta yi sheƙi, wani jan layi ya taso daga idon sawu ya wuce ƙauri yana neman gwiwa. Mma ta durƙusa, da girmanta da shekarunta, ta kama hannunta.

“Zuera, ka yafe mini. Na ce ka yi ƙarya gaban mutane, ba ka yi ba.”

Ni ma na durƙusa. “Zuera, ni ce. Ni na...”

“Na sani,” ta ce. Muryarta ƙasa-ƙasa. “Na ji lokacin da ya tsinke. Jikina ne.”

“To me ya sa ba ki faɗa ba?”

“In ce wa? Kai ɗan malam ne, ka zo daga Najeriya don Allah. Ni kaya nake ɗauka. Wa za a yarda da shi?”

Na kai hannu zan gyara mata ƙafar, ta janye duk da ciwon da ke jikinta, ta yamutsa fuska. “Kada ka taɓa ni.” Na san wannan fuskar sarai, ban dai taɓa ganin an yi min ita ba.

Mma ta tura min tasa. “Ba dole ya yafe maka ba. Riƙe nan. Kafin a gan shi a asibiti sai yamma, dole in rage ruwan yanzu.”

Na riƙe tasar ƙarƙashin ƙafar. Mata biyu suka danne Zuera, Mma ta yi bisimilla ta tsaga. Abin da ya fito ba zan kwatanta muku ba, ku dai sani ya fantsamo min har wuyan hannu, da ɗuminsa. Amai ya taso min na haɗiye shi, ya sake tasowa na sake haɗiyewa. Zuera na kiran uwarta da yarensu. Da aka gama Mma ta ɗaure, ta ɗauko alƙalamin tawada ta ja layi dab da gwiwa.

“Ka ga nan? In jan ya wuce wannan layi, likita zai yanke ƙafa. Sai wani ya zauna kusa da shi yana dubawa, in ya matso ya yi ihu har su zo, don ba wanda zai kula kayayo a layin asibiti. Yau da gobe, wataƙila har jibi. Ni ina da mutum ashirin a benci.”

“Zan je,” na ce.

Muna fitowa da ita sai ga Gwaggo, mayafi a karkace, ta tsallako kwata tana haki. Abdulganiyu kuwa yana can ɗaya gefen kusa da babur ɗinsa, hankici a hanci, ya ƙi taka katakon da ake haye kwatar da shi.

“Ƙaltume! Mai lalle na zaune tun ɗazu! Dubi hannunki, innalillahi, mene ne wannan?”

“Gwaggo, ki ba ta haƙuri. Asibiti za ni.”

“Gobe fa Juma'a! Mutane sun riga sun taso daga Kumasi!”

Daga can ya ɗaga murya ta cikin hankicin, kowa na ji. “Ƙaltume, ki wanke hannu ki zo mu tafi. In kika shiga motar nan, gobe ba wanda zai zo gidanku.”

Ba zan ce muku ban ji komai ba. Na ji, na tuna Baba da abin da za a rubuta masa. Amma Awudu ya riga ya buɗe ƙofar baya, an shigar da Zuera, ƙafar na lilo ba inda za a ɗora ta. Na shiga na zauna. Mma ta dubi Zuera, Zuera ta daɗe tana kallona, sannan ta rufe ido ta gyaɗa kai. Aka ɗora ƙafar a cinyata. Kafin mu fita daga layin kasuwa ruwan ciwon ya ratsa tsumma ya ratsa zanena, ina jin sa a fata.

Gwaggo na bin motar tana kiran sunana, ban waiga ba. Ban kuma san lokacin da wuyana ya fara karkata wajen taga ba, don ya saba. Sai na ji yatsun Zuera masu zafi sun kama haɓata sun juyo da ita.

“Sista,” ta ce, “wannan karon ka kalla.”

Na kalla. A Nima tsakanin jan da layin Mma yatsa biyu ne, na auna da hannuna. Muna isa Sakul motoci suka cushe, Awudu na ta danna ham, na sake aunawa. Saura yatsa ɗaya.